Ramin da Ya Ƙi Akwatin Kawu

Ni dai wallahi an shiga haƙƙina. Ina tasha ina lodin buhunan albasar Tabelot, ban ci na kowa ba, ban sha na kowa ba, sai ga ƙanwata da gudu wai Inna na kira, Kawu ya rasu. Daga nan aka jefa ni cikin rami, ramin gaske mai ƙasa da tsakuwa. Yanzu kuma, bororon hannuna ko bushewa bai yi ba, Inna ta ce tunda ba wanda ya shimfiɗa wa Kawu tabarmar makoki a ƙofar gida, ni da na je lakwal, makarantar boko, in rubuta wani abu kar a manta da shi. Na ce, "Inna, lakwal ɗin da aka kore ni tun ban iya raba lissafi ba?" Ta ce, "Ko a bakin ƙofa aka kore ka ai ka fi ni. Zauna." To ga ni na zauna. Wanda ya ga kuskure ya je ya tuhumi mushen lakwal ɗin, malamin da ya kore ni.

Bari in fara da ku, mutanen unguwa, don ku kuka fi ba ni haushi, ku kuka fi ba ni dariya. Kun zo gaisuwa, ban ce ba ku zo ba. Amma ɗaya-ɗaya kuka riƙa shigowa, kuna waige kamar masu zuwa sayen kayan sata. Matsalarku guda ce: Kawu ya mutu Kirista, bakinku kuma ya saba da "Allah ya jiƙansa." Sai kalmar ta zo muku kan harshe ku haɗiye ta kamar ƙwallon goruba. Wata ta ce wa Inna, "Ashe haka abu ya faru." Wata ta ce, "To, sai haƙuri," ta tashi ko zaninta bai ɗumama tabarma ba. Tsohuwar da ke sayar da fura a bayanmu ta manta, ta ce, "Allah ya ji..." sai ta ɓuge da tari, har aka ba ta ruwa. Mahaucin layinmu kuwa bai ma wahalar da kansa ba, daga bakin zaure ya ce, "Ai mutumin nan ya daɗe da mutuwa, yau dai aka sanar."

Waɗanda ba su yi kame-kame ba su ne Buzayen sansani, waɗanda fari ya kashe musu dabbobi suka zube a bayan gari. Sun zo su da yawa, sun zauna a rana jikin katanga, ba su nemi komai ba. Kun riƙa tsallake ƙafafunsu kuna toshe hanci. Na gan ku.

Inna yayye biyu gare ta. Akwai Kawu Babba, mai shagon gishiri da dabinon Bilma a kasuwa. Akwai kuma Kawu, baduku, shi ne wanda ya tafi. Ni aka aika in gaya wa Kawu Babba. Na same shi yana auna wa wata mata dabino. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ni ba ni da ƙane. Wanda nake da shi na rufe shi tun farin farko." Ya ƙara wa matar dabino uku gyara, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi, don dai in ga abin bai dame shi ba.

Da na kawo wa Inna amsar, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wanka nasu ne, addu'a tasu ce, ba ni da ta cewa. Amma ba za a rufe ɗan uwana da hannun baƙi kaɗai ba, kamar wanda aka tsinta a hamada. Sai hannun jininmu ya taɓa ƙasarsa. Ɗauki dagi." Na ce, "Inna, in ƴan unguwa suka gan ni a maƙabartar Kirista fa?" Ta ce, "Sun gan ka a wuraren da suka fi nan muni."

Wanda bai san Kawu kafin ciwonsa ba bai san masifa ba. Masifa ce mai ƙafa biyu da basilla a hannu. Aikinsa ba a magana, jakar raƙumi in ya ɗinka sai jikanka ya gaje ta. Amma ka taya kayansa da araha ka ga abin da zai biyo baya. Na ga ranar da ya jefi wani Buzu da takalmin da yake tayawa, sannan ya bi shi har layin masu shayi yana cewa ya dawo ya ɗauki ɗaya ƙafar. Matarsa ta koma Tabelot gidan ubanta da haƙori guda a ƙulle cikin gefen zani. Ni kaina, don na taɓa wuƙarsa ta yankan fata, ya zane ni da jiƙaƙƙiyar tsirkiya har na kwana uku ina cin tuwo a tsaye. In aka ce masa ya yi haƙuri sai ya ce, "Haƙuri abincin jaki ne."

Farin farko, shekarar da soja suka karɓi mulki, ƙaya ta soke shi a ƙwauri. Ƙaya fa, ƴar ƙaya. Amma jikin da ba ya samun abinci ba ya rufe ƙofa. Wurin ya zama gyambo, gyambon ya buɗe kamar bakin tulu. An sha rubutu, an kira wanzami, an yi sakiya, an ɗaura ganyen da ko akuya ba ta san sunansa ba. A likita suka ce sai dai a yanke ƙafar, ya jefi mai maganar da tasar kunu. Da warin ya hana mutane cin abinci, Kawu Babba ya sa aka kai shi ɗakin awaki a bayan gida, tunda awakin duk sun mutu. Inna kaɗai ke kai masa kunu, ita ma da tsumma a hanci. Mu yara muna leƙawa ta taga muna ƙirga tsutsa.

Wata masera ce ta gano shi, irin matan nan na mishan masu farin kallabi. Ta shigo unguwa duba yara masu ƙyanda, hancinta ya ja ta har ɗakin awaki. Zagin da Kawu ya yi mata ranar, da tana jin Hausa sosai da ta koma ƙasarsu a ƙasa. Washegari ta dawo da almakashi da bandi da wani ruwan magani shuɗi. Ta durƙusa cikin kashin awaki, ta yi addu'arta a fili, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta yi masa fansama, wato ta wanke mikin ta ɗaure. Ya tofa mata yawu. Ta share. Gobe ta dawo. Haka, haka, har sanyi ya wuce zafi ya shigo. Zagin ya riƙa raguwa kamar ruwan rijiya. Wata safiya na leƙa na ga ba ya zagi, yana kallon hannunta kawai, hawaye na bin gemunsa.

Ƙafa ta warke. Ya fito da ɗingishi kaɗan da tabo kamar tafin hannu. Ya fito kuma da maganar da ta fi gyambon wari a hancin dangi: wai shi ya bi Almasihu. Wai Yesu ne ya taɓa shi a ɗakin nan.

Ni Musulmi ne, kar wani ya karanta wannan ya je yana cewa an saye ni. Sallata tana da ramuka kamar hanyar Bilma, amma tawa ce. Kuma na sha gaya masa a gaban idonsa. Na ce, "Kawu, ni fa ina taga. Ban ga kowa ba sai masera da almakashi." Ya ce, "Almakashi yana yanke ruɓa, ɗana. Wa ya ce wa nama ya tsiro?" Na ce, "Allah." Ya ce, "To, mun kusa shiryawa." Na ce, "Wuta fa, Kawu?" Ya ce, "Ka ɗauko mini zaren can."

Kawu Babba ya tara malamai a zaure. An yi nasiha, an yi lallashi, an yi barazana. Kowa na jiran ya ɗauki wani abu ya jefi wani, don a ce hauka ce a ɗaure shi a huta. Bai jefi kowa ba. Ya zauna hannu a gwiwa yana cewa, "Na ji, na gode." Wannan "na gode" ita ta ƙona wa Kawu Babba rai. Ya tashi ya ce ya fitar masa daga gidan ubansa. Kawu ya naɗe fatunsa ya koma wani ɗan ɗaki kusa da mishan. Masu kawo masa ɗinki suka watse. Mutumin da manyan madugai ke layi a ƙofarsa ya koma facin guga da gyaran takalman yara.

Amma abin da ya fi damun ku ba wannan ba ne, ku faɗi gaskiya. Abin da ya dame ku shi ne yawon neman gafara. Mutum ya bi gida-gida yana sallama, duk wanda ya taɓa zagi ko duka, wai a yafe masa. Agadas kuwa rabin garin ya zaga. Mahaucin layinmu ya ɓuya a bayan ƙofa ya ce a ce ba ya nan. Kun san yadda za ku yi da Kawu mai zagi, kun saba. Kawu mai durƙuso ne ba ku san inda za ku ajiye shi ba.

Har Tabelot ya je a bayan kamiyo, babbar motar albasa, wurin matar da ya cire wa haƙori. Ta riga ta yi wani aure. Ƴan uwanta suka tare shi a bakin garka suka yi masa dukan da suka daɗe suna ajiye masa. Ya dawo leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe, yana murmushi da gefen bakin da ya rage. Na ce, "Ta yafe?" Ya ce, "A'a. Amma ta ji da kunnenta." Na ce, "Kawu, ba kai ka ce haƙuri abincin jaki ba ne?" Ya ce, "Ni ne. Ashe jakin ne ni, yunwa nake ji ban sani ba."

Yana ɗinki yana waƙoƙinsu na majami'a da muryar da za ta kori kura daga mushe. Ran Lahadi ya sa farar rigarsa guda ɗaya ya ratsa kasuwa, yara na bin sa suna "mijin masera, mijin masera." Ya juyo ya ce, "Ku bari ta ji, ta fi ni zafin hannu." Ni na fi son in same shi ya yi fushi ko sau ɗaya. Na ɓoye masa basilla, na zuba masa yashi a shayi, na ce masa ƴan mishan sun warkar da ƙafa sun kashe zuciya. Ya ce, "Ƙafar ce ƙaramin abin da aka warkar."

Da farin nan na bana ya zo, sansani ya cika, sai ya ajiye ɗinkin ma gaba ɗaya. Ya koyi fansama a hannun masera, ya samu wani gwangwani ya zuba almakashi da bandi, kullum da safe yana bayan gari yana wanke wa mutane miki. Abin da aka yi masa yake yi, har durƙuson, har addu'ar a fili. Wasu su ce ya wanke amma ya yi shiru da addu'ar. Ya ce to, ya yi ta a ciki, leɓensa na motsi.

Ranar rabon dawa ina wurin, mu ne masu sauke buhu daga kamiyo. Soja sun tsayar da mutane layi a rana. Wata tsohuwa ta fita daga layi ta zauna don ƙafarta ba ta ɗaukarta. Wani ƙaramin soja, gemu ko fitowa bai yi ba, ya zare ɗamararsa ta fata ya yi kanta. Kawu ya shiga tsakani. Ɗamarar ta sauka masa a fuska, ƙarfen ya tsaga masa gira. Wallahi na ajiye buhu. Na ce yau tsohon Kawu zai tashi, yau za a ga yadda ake cin soja da basilla, ko da za a kwashe mu duka. Kawu ya share jinin da hannun riga, ya dubi ƙasa, ya ce, "Yaro, ɗingishi kake. Takalmin nan ya ci maka dunduniya. Cire in wanke maka kafin ya zama irin nawa." Ya ɗage wando ya nuna masa tabon. Sojan ya tsaya da ɗamara a hannu kamar an ba shi riƙon jariri. Ƴan uwansa suka fashe da dariya. Ni kuwa haushi ya hana ni cin abinci ranar. Har yau ban san ko na yafe wa Kawu wannan ba.

A sansanin ya ɗauko ciwon ƙirjin da ya tafi da shi. Bai daɗe a kwance ba.

To, mu koma ga ramin. Na je ɗakinsa na same shi a shimfiɗe, na auna tsawonsa da igiyar kaba kamar yadda ake yi, na ƙulla. Malamin majami'arsu, wani mutumin Benin da kowa ke ce wa Mushe, ya nuna mini wuri a maƙabartarsu, ƴar ƙarama mai gajeriyar katanga a bayan gari. Na ce masa rami namu ne. Ya ce, "Bon, dakor, shi ke nan, mu muna zuwa da shi." Na kira abokina na tasha, na yi masa alkawarin shayi.

Mu fa ba baƙin haƙa ba ne. A farin nan duk saurayin unguwa ya iya kabari kamar yadda ya iya sunansa. Ƙasa ta yi tauri, dagi na tashi da wuta, amma muka yi aiki mai kyau. Muka fitar da babban rami na sama, sannan a tsakiyarsa muka yanka ƙaramin, wanda mamaci ke kwanciya a ciki, faɗinsa taƙi guda da ƴan yatsu, daidai mutum a likkafani ya kwanta a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Muka sassare itacen da za a jera a kai. Muka kwaɓa laka da ruwan da ya kamata mu sha. Abokina ya dubi aikin ya ce, "Ko liman aka sa a nan ba zai yi ƙorafi ba." Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa ba liman za a kawo ba.

Sai muka jiyo waƙa. Ga su nan tafe, maza da mata tare, masera a gaba, Buzayen sansani a baya nesa kaɗan. Ga Inna a cikinsu da lulluɓinta, macen da ba ta taɓa taka maƙabarta ba. A kafaɗar mutum shida kuwa ga akwati. Akwatin katako, mai faɗi kamar ƙyauren zaure. Abokina ya ce, "Kai, da kayan ɗakinsa za a rufe shi?"

Suka zura igiya suka sauke. Akwatin ya shiga ramin sama da ƙyar, ya je ya zauna a kan ƙaramin ramin kamar murfi a bakin tukunyar da ba tasa ba. Rabinsa a waje. Waƙar ta mutu a bakinsu. Suka ciro shi suka ajiye a gefe.

Mushe ya leƙa ya ce, "Me wannan? Ina rami?"

Na ce, "Ga rami kana gani."

Ya ce, "Wannan ramin maciji ne! Mutum zai shiga nan?"

Na ce, "Mushe, duk Agadas nan suke shiga, ba wanda ya dawo ya ce ya matse shi. Kai ne ba ka ce mini da gida zai zo ba."

Ya ce a faɗaɗa. Na duba hannuna, duk ya fashe. Rana ta take tsaka, gawa ba ta jira a zafin nan. Ina cikin ramin ina neman inda zan fara, sai na ji murya daga bayan katanga.

"Kar wanda ya ƙara sara ƙasar nan."

Kawu Babba ne. Ashe tun ɗazu yana tsaye a can, da carbinsa, wai hanya ce ta biyo da shi. Hanyar da ba ta zuwa ko'ina sai juji. Ya tsallako katangar da babbar rigarsa ya zo bakin ramin.

Ya ce, "Kun gani da idonku. Ƙasa ta ƙi akwatinku. Ramin Musulmi aka haƙa, Musulmi kaɗai zai karɓa. Ku buɗe ku fito da shi, a sa masa likkafani."

Mushe ya ce, "Alhaji, da girmanka. Mutumin nan ya mutu cikin bangaskiyarsa, ina riƙe da hannunsa."

"Kai wa ya san ka? Daga ina ka zo? Ka san sunan uwarsa?"

"Ban san sunan uwarsa ba. Na san inda yake kwana shekara goma."

Nan fa wuri ya kaure. Mutanen majami'a suka kewaye akwatin, wani ya zauna a kai. Kawu Babba ya kama igiyar yana ja, Mushe ya kama ɗaya bakin. Masera na cewa a ji tsoron Allah da Hausarta mai karyayyen ƙugu. Abokina ya tsallake katanga ya gudu, har yau bai zo karɓar shayinsa ba. Ni ina ƙasa, ƙasar da suke turowa da ƙafa tana zubo mini a ka, ina cewa ku yi a hankali kar ku rufe mai rai. Kawu kuwa yana cikin akwatinsa a rana, karo na farko da aka yi faɗa a kansa bai ce na gode ba.

Kawu Babba ya daka tsawa har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Wallahi ina raye ba za a rufe ƙanena cikin akwati kamar kayan Libiya ba! Uwa ɗaya uba ɗaya muke!"

Sai Inna ta ratso mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta karɓi dagin daga hannuna, ta miƙe, ta dangwara shi a ƙirjin Kawu Babba har sai da ya saki igiyar ya riƙe. Ta faɗa masa magana guda. Abin da aka ƙara ji a wurin nan shi ne ƙarar dagi, da nishin tsoho yana faɗaɗa rami, babbar riga a naɗe a ƙugu.

Ga abin da ta ce masa: "Ƙanenka ne, Yaya? Madalla, kowa ya ji. To ya riga ya zaɓi abin da zai kwanta a ciki, ba a tambaye ka ba. Abin da ya rage wa ɗan uwa shi ne haƙa. Sauka, yaron nan ya gaji."